Kuzar Ƙarƙashin Maƙabarta

Likitar da ke duba ni a nan Kuala Lumpur, wata yarinya da ko autata ba ta kai ba, ta yanke mini hukuncin tafiya. Ta ce zuciyata ta gaji da zama, lallai kullum da yamma in fita in taka. Na ce a gaya mata ni na gama takawata tun ba a haifi ubanta ba, da kwanon ƙasa a ka kuwa. Ɗana Nura, da yake shi ne tafinta, ya yi murmushi ya ce mata wai na gode. Amfanin ɗa mai digiri ke nan, ka faɗi maganarka ya wanke ta tas kafin ya miƙa. Tun daga ranar nake bin jikata Amira kamar akuyar da aka sayo, mu sauko daga benenmu na Danau Kota, mu wuce shagon mamak, wato wajen shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, mu je bakin wani tafki da mutanen garin nan suke zagayawa a guje alhali ba wanda ya biyo su. In na ce mata, "Amarya, mijinki ya gaji," sai ta ja hannuna ta ce, "Boleh, Kaka, boleh," wai zan iya. Tana jin Hausa sarai, amsa ce take mayarwa da harshen mutane.

Wata yamma Nura ya raka mu. Shi kuwa ba ya iya ganin ko tukunya bai yi lacca a kanta ba, don abin da gwamnati ta turo shi ya karanta ke nan, yadda gari yake tashi a bakin ramin ma'adinai. Muka zauna a benci ya ce, "Baba, ka san tafkunan yankin nan yawancinsu tsofaffin ramukan kuza ne?" Ya ce garin nan mai benaye har cikin gajimare shi ma bariki ne tun asali. 'Yan Sin suka shigo ta kogi neman kuza, zazzabi ya kwashe na kwashewa, sauran suka kafa bukkoki a cikin taɓo, suka yi nasu shugaban da ke raba musu rigima, daga baya Turawa suka zo suka kafa tuta, daga baya kuma aka ce mulkin kai. Ya ce akwai wata ƙasa can ƙarshen duniya inda zinare ya tara Turawa kamar ƙuda, suka ture masu ƙasa gefe, kafin a ankara sun yi birni da majalisarsu. Yana faɗa yana jin daɗi, musamman wajen majalisar. Ya ce, "Abin sha'awa, Baba, mutanen da haƙa ta tara su ne suka fara cewa mu za mu mulki kanmu." Na ce masa lallai abin sha'awa ne. Muka koma gida, matarsa ta ajiye mini tuwo, ya ƙi shiga.

Ni ɗan bariki ne, a bakin ramin kuza aka yanke mini cibiya, can kan tudun Filato. Kada mai karatu ya nemi garin a taswira, ba ya nan. Ilimina na boko aji uku ne na elementare, inda malam ya duba kaina da kyau ya ce siffarsa ta fi dacewa da kwano, kuma ban taɓa ganin hasashen malami ya fito daidai irin wannan ba. Don haka duk abin da zan faɗa, a ka na ɗauko shi.

Barikinmu ba shi da kaka da kakanni. Baba daga ƙasar Katsina ya zo, maƙwabcinmu Bazazzagi, na gaba da shi Babarbare, akwai Nufawa, akwai waɗanda ba a tambayarsu daga ina don amsar ba za ta yi daɗi ba. Kowa ya zo ne da niyyar rani ɗaya ya koma, sai ga shi yana aurar da 'ya a wurin. Baba ya ce da ya iso bukkoki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kafin ya gama biyan sadakin Inna an yi kasuwa, an yi masallaci, an yi mahauta, an yi unguwar da yaro ba ya zuwa aike. Can bisa tsauni gidan Bature yake, da furanni da mai ba su ruwa. Can gefe kuma, bayan shingen ƙyarana, ƙauyen masu ƙasa, waɗanda gonakin accarsu muke farkewa. Sukan tsaya a bakin rami su yi ta kallo, wani lokaci wani tsoho ya nuna da sanda ya faɗi wata magana da harshensu. Ba mu taɓa neman a fassara mana ba. Mu a ganinmu mu ne talakawan da ake zalunta, ba mu san akwai na ƙasa da mu ba.

Abin da na fi tunawa shi ne ƙara. A nan benen namu in ka rufe ƙofa sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, maƙwabcinka zai iya mutuwa ka ji labari a waya. Can kuwa jiniya ce take tashinmu, sanyi yana cizon kunne, ka ji ana tari daga bukka zuwa bukka kamar ana gaisawa. Sai famfo ya fara bugu, bugun da ba ya tsayawa, har ya zama in ya lalace yara suke firgita. Sai diga, sai shebur, sai ƙarar tsakuwa a cikin kwano, sai waƙar masu ɗauka suna hawa daga rami a jere kamar tururuwa, wani ya zagi helma, shugaban leburori, a cikin waƙar kowa ya amsa, helman kansa yana kaɗa kai don bai gane ba ko don ya gane. A juye ƙasa a lambatu, wato doguwar magudanar da aka shimfiɗa wa katako, ruwa ya tafi da yashi ya bar baƙar kuza a ƙasa don ta fi nauyi. Ƙafafun kowa a tsattsage, hannun mata fari fat saboda ruwa. Dattawa sukan ce mana kada yaro ya zauna a gindin gaɓar rami ko da inuwa ta yi daɗi, don ƙasa ba ta sallama kafin ta sauko. Sun faɗa, kuma duk damina sai ta sauko a kan wani.

Inna kunu take sayarwa a bakin rami. Ina ɗan saurayi, na fara ɗaukar kwano ke nan, tari ya kama ta a wata damina, bai sake ta ba. Aka kai ta maƙabarta da ke kan wani ɗan tudu gabas da bariki. Kwanaki a nan garin ina cikin jirgin ƙasan nan da ke bi ta saman titi, na hango wata maƙabartar Malayu, kowane kabari da duwatsunsa biyu a tsaye, wasu an ɗaura musu farin ƙyalle, Nura ya ce har suna ake rubutawa. Mu ba ma haka. A jera itace, a rufe da ƙasa, a kafa fasasshen tulu wajen kai, shi ke nan, a ce rubutu a kan kabari alfahari ne. Kowa a zuciya yake riƙe da nasa. Na Inna, Baba ya dasa masa reshen ƙyarana a gefe, wajen kai kuma bakin tulun da take zuba kunu. Duk Juma'a bayan masallaci sai mu biya, ya tsuguna ya cire ciyawa.

Kowa a bariki ya san akwai kuza a ƙarƙashin tudun nan. Tun da daɗewa masu gwajin ƙasa suka huda kewayensa suka ga jijiyar ta bi ta nan ta shige. Bature bai taɓa wurin ba. Kada a ce tsoron Allah ne, tarzoma yake tsoro, ya san ranar da ya sa diga a kabarin Musulmi ranar gidansa mai furanni zai ci wuta. Ramuka suka ci gabas, suka ci kudu, tudun ya rage shi kaɗai kamar malmalar tuwo a tsakiyar akushi.

Sai aka fara maganar mulkin kai. 'Yan siyasa suka riƙa zuwa da mota mai lasifika, aka raba wa yara tuta, aka ce Bature zai tafi, ƙasa ta zama tamu. Namu Baturen dai bai je ko'ina ba, hularsa kawai ya canja. Amma an ce bariki ma yanzu zai yi majalisarsa, ba sauran a yi wa mutane hukunci daga kan tsauni. Aka zaɓi dattawa, aka ɗora Helma Ɗanjummai shugaba, mutumin da ya shekara da shekaru yana yi mana tsawa, yanzu sai an ce masa ranka ya daɗe kafin ya yi tsawar. Gaskiya mun yi murna. Majalisa ta hana awon zalunci a kasuwa, ta sa aka haƙa rijiya nesa da ruwan wanki, ta kori wani ɗan caca. Na ga Baba yana tafiya ƙirji a gaba.

A daidai lokacin nan kuza ta fara ƙaranci a manyan ramuka. Ka wanke ƙasa wuni guda ka ga abin da ya kwanta bai rufe tafin hannu ba. Aka sallami wasu, bukkoki suka fara zama kango. Rannan Bature ya kira majalisa, ya yi musu shayi, abin da bai taɓa yi ba. Helma ya dawo ya tara mu a filin kasuwa ya faɗi saƙon. Kamfani zai kwashe famfo da injuna ya koma wani wuri in damina ta wuce, sai dai in an buɗe tudun gabas. Shi Bature ya ce ba ruwansa, ba zai ce a yi ba, ba zai ce a bari ba, yanzu ƙasa ta masu ita ce, mu yanke da kanmu. Na daɗe a duniya, ban ga wayo irin wannan ba. Digar da ya ji tsoron ɗagawa shekara da shekaru, ya miƙo mana ita da ladabi, ya koma ya zauna.

Liman ya ce haramun ne a tashi mamaci don abin duniya. Wani malami daga cikin leburori ya ce lalura tana halatta, kuma yunwar gari guda lalura ce. Aka kwana biyu ana ja, miji da mata ba sa magana. Da abin ya ƙi ƙarewa Helma ya ce a yi irin ta zamani, a jefa ƙuri'a. Ba mu da akwati, ba mu da takarda, ko da akwai ma wa zai karanta. Sai aka ce duk namijin da ke ɗaukar kwano ya fito bakin lambatu bayan la'asar. Wanda ya yarda a buɗe tudu ya tsallaka ruwa, wanda bai yarda ba ya tsaya inda yake.

Na tsaya kusa da Baba. Da farko ba wanda ya motsa, sai ƙarar famfo. Sai wasu samari baƙi, waɗanda ba su da kowa a tudun, suka tsallaka suna kallon ƙasa. Sai masu iyali da yawa. Sai aka fara tafiya rukuni rukuni, ka ji tsulum, tsulum, don lambatun ya fi taki ɗaya faɗi. Liman yana ta ɗaga murya, Helma ya ce masa, "Allah gafarta Malam, a masallaci kai ne gaba, a nan kai ma mutum ɗaya ne." Can sai na ga Kawu Idi, ƙanin Inna uwa ɗaya uba ɗaya, yana naɗe ƙafar wando.

Baba ya ce, "Idi, yayarka ce fa a can."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ita ta goye ka."

"Ta goye ni. Da tana nan da ita za ta ce in tsallaka. Yara bakwai ne a ɗakina, Yaya, ita kuwa ta gama cin tuwo."

Ya tsallaka. Ba a ma ƙirga ba, ido ya isa. Mu da muka rage ba mu cika sahu biyu ba. Wannan ita ce ƙuri'ata ta farko a duniya, kuma har yau in na ga ana rawa a kan titi don an ci zaɓe sai in nemi inda waɗanda suka faɗi suke tsaye.

Majalisa ta yi abin da take gani adalci ne. Ta ce za a ware sabuwar maƙabarta a yamma, kowa ya zo ya nuna nasa, a tono da mutunci, a sa a sabon likkafani, Liman ya yi addu'a. Aka sa ranar Asabar. To amma mu mutanen rami ne, kuma a aikin rami akwai abin da ake fara yi kafin komai, wato sharar fili. Ba a sa diga a wuri sai an sare itace, an ƙone ciyawa, an kwashe duwatsu, an bar ƙasa tsirara. Yaro ma ya san haka. Ranar Juma'a, muna masallaci, wani ƙaramin helma mai son a yaba masa ya kwashi leburorin da ba sa salla da waɗanda suka yi fashinta, ya ce a rage wa gobe aiki. Ba mugunta ba ce, abin da hannunsu ya saba ke nan. Muka fito muka hangi hayaƙi a gabas. Kafin mu isa sun sare kowace ƙyarana, sun ƙone, sun bi da shebur sun baje tudun kaburbura, fasassun tuluna kuwa sun tara su wuri guda tsaf, tsibi har ƙugu, don kada su yanki ƙafar ma'aikata. Ƙaramin helman yana tsaye yana jiran a ce sannu da aiki.

Baba ya shiga filin yana ta juyawa. Ya je nan ya tsaya, ya koma can, ya dubi tsauni ya dubi masallaci yana neman saiti. Ya tambaye ni, "Kai, ba nan ba ne?" Na ce ina jin nan ne. Ya matsa gaba kaɗan ya ce, "Ko nan?" Na ce ko nan. Duk Juma'ar duniya muna zuwa wurin, ashe ƙyaranar muka sani.

Washegari aka fara tono. Ba a yi waƙa ba. Mutanen da suka saba kai diga da ƙarfi suka koma tono da yatsu, waɗanda suka tsallaka ruwa su ne suka fi kowa taka-tsantsan, Kawu Idi har farcensa ya cire. Ƙasar wurin mai danshi ce, ta cinye likkafani da itace, wasu kaburburan sun burma cikin juna don an yi su a matse. In an samu ƙashi sai a sa a kwano, kwanon nan dai na ɗaukar ƙasa, a tankaɗe a hankali kamar ana neman kuza. Mata suna can bakin shinge, ba a barinsu shiga, kowace tana kiran sunan nata ko wani zai ce ga shi.

Wajen azahar aka buɗe wani kabari a yankin da Baba yake zato. Ya tsuguna ya share ƙasa daga fuskar da babban yatsa, sai na ji numfashinsa ya canja. Ya ce, "Ita ce. Ga wushiryarta." Inna tana da wushirya, 'yar ƙofa tsakanin haƙoran gaba, in ta yi dariya har harshe ake gani. Ya miƙa hannu a ba shi likkafani. Sai wani mutum ya dafa kafaɗarsa, Mamman mai gyaran famfo, uban abokina Tanko, wanda tasa matar ta rasu wajen haihuwa shekara guda kafin Inna.

Ya ce, "Malam Sule, ka yi haƙuri, wannan uwar Tanko ce. Wushiryar nan ni na san ta."

Baba ya ce, "Mamman, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. A nan na sa ta da hannuna."

"Taka doguwa ce."

"Taka ce doguwa, Malam Sule, kowa ya sani."

Manya biyu, kowa ya riƙe gefen kwano, ba mai ja da ƙarfi don kada abin da ke ciki ya zube. Aka kira Liman. Ya duba, ya duba su, ya ce shi bai taɓa kallon bakin matar wani ba balle ya yi shaida. Wani daga baya ya ce ai rabin matan barikin nan wushirya gare su, don ita aka auro su. Wasu suka yi dariya, irin wadda take kuɓucewa mutum a gidan makoki, suka yi saurin haɗiye ta. Aka nemi Kawu Idi ya raba gardama tunda 'yar'uwarsa ce. Ya zo ya tsuguna ya daɗe, ya tashi ya ce, "Wallahi ban sani ba," ya fita daga filin, bai sake shigowa ba.

Liman ya ce to a kai ta yamma a rufe, su biyun su ɗauka, Allah ya san baiwarsa. Haka aka yi. Baba a gaba, Mamman a baya, ni da Tanko muna biye. Aka ci gaba da tono har ranar da majalisa ta ce ya isa, famfo yana jira. Ba a sake samun mai wushirya ba. Abin da yatsu ba su tarar ba, ruwa ya tarar. Da aka fara wanke ƙasar tudun, masu tsaye a lambatu sukan ga wani abu fari ya taso ya bi yashi, don ƙashi ba shi da nauyin kuza. Wasu sukan tsame su ajiye gefe, wasu su kau da kai.

Kuzar ta fito, baƙa wuluk, mai kyau. Ta riƙe bariki 'yan shekaru, yaran Kawu Idi suka girma, sannan ta ƙare kamar yadda kowace take ƙarewa. Kamfani ya kwance famfonsa, majalisa ta watse don ba sauran wanda za a mulka. Yanzu Nura yakan nuna mini a waya samarin da ke haƙar zinare a dazukan gida, ƙura har gira, suna dariya suna ɗaga dutse. Yakan ce, "Baba, ka ga irin naku." Nakan ce ya matso da hoton in ga ko akwai tudu a bayansu.

Baba da Mamman ba su taɓa shiryawa a kan maganar ba, kuma ba su taɓa fashin Juma'a ba. Su haɗu a kabarin nan ɗaya, wannan ya tsuguna ta kai, wancan ta ƙafa, kowa ya cire ciyawar ɓangarensa. Baba ya ce Allah ya jiƙan Hajara, Mamman ya ɗaga murya kaɗan ya ce Allah ya jiƙan Rabi. Su tashi su kama hanya ɗaya. Da Mamman ya rasu, Juma'ar da ta biyo na ji Baba ya kira sunayen biyu, ya harare ni don kada in yi magana.

Ni ma haka na gada, na shekara da shekaru ina haɗa su. Sai da tsufa ya zo, barci ya ragu, tunani ya yi yawa, na lura da abin da dattawan nan biyu suka ƙi dubawa. Mai yiwuwa ba Hajara ba ce, ba kuma Rabi ba. Mai yiwuwa wata baiwar Allah ce daga Borno ko Bida, wadda mijinta ya bar bariki tun tuni, ta samu maza biyu suna rigima a kanta da 'ya'ya biyu suna yi mata addu'a, namu kuwa sun bi lambatu. Tun daga nan na daina kiran suna. In na idar da salla sai in ɗaga hannu in ce, ya Allah, matan nan na tudun gabas, ka san wadda nake nufi.